Motar da Na Ɗaga Saboda Baba

Mahaifinmu bai taɓa kiran sunan yayana ba. Shi ne ɗan fari, kuma a tsofaffin gidajen cikin garin Keffi irin namu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In zai yi zancensa sai ya ce "wancan", in kuwa yana zaune a wurin sai ya yi maganar yana kallon bango, ka ce bangon ne ya taso daga Abuja ya zo gaisuwa. Ni kam sunana ya sha kira har ya koɗe. Da shi ake neman buta, da shi ake neman rediyo, da shi ake tambayar ko an kawo wuta. Mutane sukan ce na more, Baba ya sake da ni. Ni ban ga abin morewa ba. Tun ina yaro na lura wanda ba a kiran sunan nasa shi ake ji da shi, ga shi har furfura ta fara fito mini a gemu abin bai daina cin raina ba.

Baba direba ne, na babbar mota mai bodin katako, irin waɗanda suka yi zamani suna kwasar doya daga Lafiya su haura da ita Jos. Bayan ya ajiye tuƙi sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannu da ƙafar hagu suka yi nauyi. Ni nake zaune da shi a gidanmu na unguwar Liman Abaji, ni da matata da yara. Ina koyarwa a makarantar sakandare, in na tashi in dawo in ba shi magani, in taimaka masa ya yi wanka, ran Juma'a in riƙe shi har masallaci. Yaya yana aiki a Abuja. Yakan zo wasu Asabar ɗin da burodi da ayaba a leda, ya ɗan zauna, ya koma kafin hanyar Mararaba ta cushe. Ba cewa nake yi mugun ɗa ne ba. Da mugu ne ai da na huta.

Wata Asabar sai ya shigo da kwali a hammata. Ya buɗe, sai ga 'yar mota, tsawonta bai fi kamu guda ba, da tayoyi manya masu laushi da rimot mai ɗan sitiyari a gefe. Ya ce ba ta gudu ba ce, ta hawan dutse ce, a hankali take tafiya tana neman wurin takawa. Na yi dariya na ce, "Yaya, babba da kai, ga 'ya a jami'a?" Bai kula ni ba. Ya kwantar da taɓarya a tsakar gida, ya jingina wani katako a dokin ƙofa, ya saki motar. Ta zo ta ɗora tayar gaba ɗaya a kan taɓaryar, sauran ukun suna ƙasa ba wadda ta ɗaga, jikinta ya lanƙwashe, ta haye ta sauka ko girgiza ba ta yi ba.

Baba yana kan kujerarsa a gindin mangwaro. Tun da ciwon ya same shi ya rage magana, ba don harshen ya kasa ba, don dai ba ya so. Sai na ga ya dafa sandarsa ya sunkuyo gaba. Da motar ta kai dokin ƙofa ta tsaya tana kartar katakon, sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa wancan ya rage wuta, tayar baya tana zamewa." Yaya ya rage, motar ta kama, ta haye. Baba ya yi dariya, dariya sosai har da tari.

Na yi watanni ina neman wannan dariyar. Na ɗauko masa tsofaffin abokan tuƙinsa daga tasha a bayan babur ɗina, na sayo masa tsiren da likita ya hana don ya ɗan lasa, na sa yara sun yi masa wasan kwaikwayon da suka koya a makaranta. Abin da na samu shi ne "Allah ya yi albarka", wanda ko mai kawo ruwa ana ce masa. Yaya ya zo da abin wasan yara a kwali, kafin shayinsa ya huce ya samu. Kishi ya kama ni a wurin, har na tashi na shiga ɗaki na ce zan duba takardun jarrabawa. Ba ni da wasu takardu ranar.

Daga nan gida ya koma jiran Asabar. Tun Laraba Baba zai fara tambayata yau wace rana ce, alhali rediyo na kunnensa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labarin 'yar motar da take hawa dokin ƙofa. Har ya sa ni na kwaso duwatsu daga bayan gida na jera a tsakar gida, ya riƙa nuna mini da sanda, wannan a matsar da shi nan, wancan a kifa shi, don in wancan ya zo ya sami abin hawa. Ni ne mai share wa motar Yaya hanya da gumin goshina, kuma Asabar ɗin ma bai zo ba, ya ce aiki ya riƙe shi.

Ba a jima ba na mallaki tawa. Wani malamin jami'a da zai bar gari ya sa tasa a kasuwa, na ji labari a wurin aiki na je na ɗauko. Matata ta dube ni, ta dubi motar, ta ce, "Malam, yaran ne suka ce suna so, ko uban yaran?" Na ce don Baba na saya, tana ɗebe masa kewa. Ta ce, "To, Allah ya ɗebe wa kowa tasa kewar," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ni mutum ne mai bin abu dalla-dalla, shi ya sa lissafi nake koyarwa. A ɗakin malamai, lokacin da abokan aikina suke gardamar ƙwallo, ni ina gefe ina kallon bidiyon masu irin wannan motar a waya. A nan na gane duk sirrin yana ƙarƙashinta. Kowace taya tana da sifirin nata, a naɗe jikin wani ɗan bututu cike da mai, ƙanin abin da makanikai suke kira shokazoba. In sifirin ɗin mai laushi ne, motar takan zauna ƙasa-ƙasa, kowace taya ta miƙa ta nemi dutse da kanta, cikin motar ya riƙa gogar dutse amma ba ta kifewa. In mai tauri ne sai ta miƙe tsaye, ba abin da zai taɓa cikinta, amma da ta ɗan karkata sai nauyi ya rinjaye ta. Man da ke cikin bututun kuma shi ke hana ta tsalle. In ya cika ruwa ta yi ta rawa, in ya cika kauri tayar ta makara wajen sauka. Don hawan dutse dai amsar a fili take: sifirin mai laushi, motar ta zauna ƙasa, mai ya zama tsaka-tsaki, batir kuma a matso da shi gaba.

Man ne ya ba ni wahala, domin wanda ta zo da shi ya tsiyaye, kuma duk garin ba mai sayar da irinsa. Na gwada man gyaɗa, ya yi danƙo ya tara mini tururuwa. Na saci man keken ɗinkin matata, ya yi ruwa da yawa, ita kuma ta gane ta yi ta mita. A ƙarshe na riƙa ɗiga masa man inji kaɗan-kaɗan ina dannawa ina saki, har na sami kaurin da nake so. Bayan an tashi makaranta nakan tsaya a bayan ajujuwa, inda aka jibge bulo da duwatsun wani gini da aka yi watsi da shi, in yi ta gwaji har hannuna ya faɗa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka rashin sani ne ya kai ni ga abin da na yi daga baya. Na sani sarai, kuma da an bar ni da motata yadda take, ko ban fi Yaya ba shi ma ba zai fi ni ba.

Ranar da na ga ta yi yadda nake so, na kawo ta gaban Baba bayan la'asar. Ban ma kunna ta ba ya ce in miƙo. Na ɗora masa a cinya, ya sa hannunsa mai lafiya ya danna bayanta, ta lotsa har ƙasa ta taso a hankali. Ya taɓe baki.

"Wannan ai ta mutu tun ba a yi mata lodi ba," ya ce. "Sifirin ya kwanta."

Na ce, "Baba, haka ake son su, don tayoyin su riƙa..."

"Wa yake son su haka? Zauna in gaya maka."

Na zauna a tabarma. Ya ce a zamaninsu in maigida ya sayo sabuwar mota ba tasha ake fara kai ta ba, wurin maƙera ake kai ta a ƙara mata fallen sifirin a baya, ta ɗaga ta yi tsayi, sannan ta ga doya. Ya ce Bature don titinsa ya ƙera mota, bai san ramukan hanyar Akwanga ba, bai san yadda 'yan kasuwar Lafiya suke lodi har kaya ya zarce bodi ba. Direban da cikin motarsa ke gogar ƙasa, ko shayi ba a zama a sha da shi a tasha. Daga nan ya shiga labarin Hawan Kibo, tudun nan na hanyar Jos, yadda ake kama shi da giyar ƙarfi tun daga ƙasa, yadda yaron mota yake bin ta a ƙafa da weji, katakon tokare taya, a hannu ko da za ta ja da baya, da ranar da ya hau shi cikin ruwan sama ana ganin motocin wasu a kwance gefen hanya, tasa ko gezau.

Ba Baba kaɗai ke da wannan ra'ayin ba, duk garin ne. Ka tsaya a bakin titin Abuja da safe ka ga motocin da ke kwasar ma'aikata, kowacce bayanta a ɗage sama tana jiran fasinja da buhunan gari. 'Yan okada ma da sun sayi sabon babur sai su kai a ƙara masa tauri. A wurinmu mota mai kyau ita ce mai tsayi mai ɗaukar kaya, da haka muka tashi.

Amma ni ba wannan ne ya kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne Baba ya yi ta ba ni labarin mota har aka kira magariba, ni, ba wani ba. Muna yara, in an yi hutu Yaya ake sa wa a gaban mota a tafi da shi Jos, wai ba Baba ne ya ce ba, yaron motarsa ne yake son ɗan rakiya. Ya dawo da rigar sanyi da baki cike da labari. Ni a bar ni gida, wai ina da ƙoƙari a makaranta kada a ɓata ni. Yaya ya iya tuƙi tun ƙafarsa ba ta gama kai birki ba, ni kuwa sai da na fara aiki na nemi wani bare ya koya mini. Labarin Hawan Kibo na san shi tun da daɗewa, amma a bakin Yaya, sai ranar na ji shi daga bakin mai shi.

Da zan tashe shi ya yi alwala na ce, "To ai ta Yaya ma a kwance take, Baba."

Ya ce, "Rabu da ta wancan. Kai ka ɗaga taka ka ga aiki."

Na yi ta juya wannan maganar a raina, daɗi kamar ya kashe ni.

Washegari na biya wurin wani mai gyaran janareto a bakin kasuwa, ɗan ƙabilar Eggon ne, ina koyar da 'yarsa. Na zayyana masa abin da Baba ya ce, ina ɗan fatan ya musa. Ya juya motar ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Oga Ticha, tsoho ya faɗi gaskiya. Mota in ba tsayi, no bi mota. Bari ka gani." Ya zazzage wani gwangwani cike da tarkace ya tsinto sifirin na bawul ɗin ƙaramin janareto, ɗaya ga kowace taya, masu kauri, da ƙyar nake iya matsa su da yatsu. Ya ce man cikin ma ruwa ne zalla, ya tsiyaye man da na sha wahalar haɗawa a ƙasa ina kallo, ya ɗura man giyar mota mai kauri. Da ya ajiye ta sai ta tsaya ƙiƙam, mutum zai iya zura hannu ta ƙarƙashinta. Masu jiran gyara suka taru suna yabawa, wani ɗan okada ya ce yanzu ko buhun siminti aka ɗora mata za ta kai Akwanga.

Baba ya danna ta, ta ƙi lotsawa, ya ce, "Yawwa, yanzu ta zama mota." Na kwantar da taɓarya na gwada a gabansa. Tayar gaba ta hau, wata ta baya ta ɗaga tana juyawa a iska, motar ta yi tangaɗi ta dira da ƙarfi. Ni na ga abin da na gani. Baba kuwa ya ce ƙarfi ne ya yi mata yawa, sai ta ga dutse na gaske.

A makon ne Yaya ya bugo ya ce Asabar zai zo, tun da ya ji ni ma na shiga layi, mu fitar da Baba ya sha iska a duwatsun da ke bayan unguwar Jigwada. Ran Juma'a bayan mun dawo masallaci na zauna a ƙofar ɗaki, motar a gabana, sifirin masu laushin da na cire a cikin wani ɗan faranti, sukundireba a hannuna. Mayar da su ba wani aiki ba ne. Matata ta fito ta wuce, ta dawo ta same ni yadda ta bar ni.

"Ka fa san wanda ya fi, Malam," ta ce.

"Wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa. Na ga dai tun ɗazu kana kallonsu kamar za su yi magana."

Ga lissafin da nake yi. In na mayar da masu laushi, wataƙila in haye duk inda Yaya ya haye, to sai me? Sai a ce ƙane ya kwaikwayi wansa. In kuwa na bar na Baba, Allah ya sa ta haye, motarmu ce ni da shi ta haye. Ko ma ta faɗi, tare muka faɗi, Baba yana ɓangarena Yaya yana can shi kaɗai, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ta duk inda na duba sai in ga riba. Na tashi na mayar da farantin kan wadirof, na jona batir a caji.

Asabar bayan la'asar muka tafi a motar Yaya. Inda hanya ta ƙare muka sauka, shi ya yi gaba da 'yan motocin biyu, ni na rataya kujerar roba a kafaɗa na riƙe Baba muna takawa kaɗan-kaɗan. Duwatsun wurin shimfiɗaɗɗu ne daga ƙasa, sai su tashi su yi tudu, rana ta gasa su har ana jin zafin ta cikin takalmi. Wata mata ta shanya rogo a kan mai faɗin, tana zaune a gefe tana korar awaki. Muka gaisa, ta bi mu da kallo, manya uku da motocin yara.

Sai da na zaunar da Baba a inuwa sannan Yaya ya dubi motata da kyau. Ya danna ta, ya sake dannawa, ya kwashe da dariya.

"Kai, wa ya yi maka wannan setin ɗin? Ba ta da balans ko kaɗan, kifewa za ta yi."

Na ce, "Baba ne ya ce a ɗaga ta."

Na zaci zai yi shiru. Sai ya juya ya ce, "Baba, wannan fa ba doya za ta kai Jos ba."

Ni ko giyar wake na sha ba zan iya gaya wa Baba haka ba. Baba ya dubi wata bishiya ya ce, "A bar shi ya yi ta surutu, dutse ne zai raba." Raina ya yi fari ƙal.

Hanyar da muka zaɓa ta fara da hawa miƙaƙƙe, sai wani ɗan mataki, sai inda dutsen ya karkace gefe guda kafin a kai wata 'yar bishiya da ta tsiro a tsaga can sama. Yaya ne babba, shi ya fara. Motarsa ta tafi tana rarrafe, da ta zo matakin cikinta ya gogi dutse da ƙara, har mai rogo ta ɗago kai. Baba ya ja tsaki ya ce mini, "Ka ji ko? Abin kunya." Ban san lokacin da na yi murmushi ba. Ta maƙale, Yaya ya ja da baya ya ɗan sauya hanya, ta ja ciki ta haye. A karkataccen wurin ta lafe jikin dutsen kamar ƙadangare, tayoyin duk a ƙasa, ta bi a hankali har gindin bishiyar.

Na ajiye tawa. Hawan farko ta yi shi tsaf, tana tafe a miƙe ana hango ta daga nesa. Matakin da ya wahalar da Yaya ta taka shi ta wuce, ko ƙura cikinta bai taɓa ba. Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Yawwa. Hagu kaɗan. Riƙe wutar haka, kar ka ƙara." Yana faɗa ina yi, motar tana bi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan tsakanin ba, har na saci kallon Yaya don in tabbatar yana gani. Yana gani, yana ma murmushi, wannan kuma ya ɗan rage mini daɗin.

Sai muka iso karkataccen wurin. Tana shiga na ga tayoyin da ke ta sama sun fara sakin dutse, ta gaba ta ɗaga, motar ta tsaya tana lilo. Na saki wuta. Abin yi a nan na san shi, na gwada shi ba adadi a bayan ajujuwa: a ja da baya a hankali, a juya hancinta ya kalli sama, a sake shiga. Yatsana har ya fara komawa baya.

"Ba ta wuta," in ji Baba. "Ba a tsayawa a hawa, ba ta wuta."

Na ba ta.

Ta yi tsalle ta kife, ta mirgino tana bugun dutse, murfinta ya yi nasa wuri, ba ta tsaya ba sai cikin shanyar rogo, tayoyi a sama suna juyawa. Awaki suka watse. Matar ta taso ta leƙa ta, ta ce, "Sannu Malam, direban dai bai ji ciwo ba ko?" Na ba ta haƙuri, na tsince rogon da man giya ya ɓata, domin bututu ɗaya ya fashe. Ta ce ba komai, ita ma ta sha kallo.

Na hauro da motar a hannu na tsaya gaban Baba. Ba wani abu mai yawa nake jira ba. Ya ce mun yi ɓari, ko ya ce dutsen ne ba kyau, ko ma ya zagi mai janareto, duk zan karɓa, in dai ya haɗa kansa da ni a faɗuwar.

Ya dube ni ya ce, "Kai ma dai."

Na ce, "Baba, kai ka ce in ɗaga ta. Kai ka ce in ba ta wuta."

"Na ce. To ni nake riƙe da sitiyarin? Direba shi ke jin motarsa a jikinsa. Maigidana sau nawa yana ce mini bi nan, in bi can, in kai masa kayansa lafiya? Kai kuwa komai aka ce maka sai ka yi."

Ya ɗaga kai ya dubi can sama, inda motar Yaya take tsaye a gindin bishiya. Bakinsa da ciwo ya karkatar ya ɗan motsa, na san murmushi ne, don ni nake goge bakin nan kullum.

"Wancan tun yana ƙarami ba ya jin maganata," ya ce.

Na tsaya da mota a hannu, mai yana bin yatsuna. Shekarun da na yi ina cewa "to" suka taso mini gaba ɗaya. To, in zauna gida in yi karatu. To, in nemi aiki a Keffi kada gida ya zama ba kowa. To, in bar tayin da aka taɓa yi mini na komawa wata babbar makaranta a wani gari. Duk a zatona tarawa nake yi, wata rana za a duba a gani. Na dubi Yaya, yana tsaye yana sosa ƙeya, kunya ta kama shi, kuma wallahi a lokacin da da hali da na hau na tunkuɗo motarsa ta gangaro ita ma. Kishinsa nake ji, ba na motar ba, na yadda yake musa wa Baba kuma a so shi a hakan.

Ya matso ya miƙo mini rimot ɗinsa. "Karɓi ka sauko da ita, ka ji yadda take." Na ce hannuna da mai. Ya ce ba komai. Na ce ai na ce hannuna da mai. Ya sauko da abarsa da kansa, Baba yana bin ta da ido har ta iso ƙasa.

Da za mu koma Yaya ya zo zai ɗaga Baba, ya kama shi ta hannun da ba ya aiki, suka yi tangal-tangal. Na ce ya matsa. Na sa kafaɗata inda ta saba, muka gangara, shi yana biye da kujera. A mota Baba ya yi ta ba gilashin taga labarin yadda motar wancan ta lafe a karkataccen wurin, wai haka wani direba Bayarabe da ya sani yake shan kwana da kaya.

Yaya ya sauke mu a ƙofar gida ko shiga bai yi ba, yana sauri kada cunkoso ya rutsa da shi. Na shigar da Baba, na zuba masa ruwan alwala, muka yi magariba. Matata ta ga motar ba murfi, ta miƙo mini sabulu da tsumma, na gode mata a raina. Ina tsugune a bakin rariya ina fama da man giya, wanda ba ya fita da wanki ɗaya, sai Baba ya ce in kira wancan in ji ko ya isa.

Na ce, "Baba, yanzu ko Masaka bai kai ba."

"Kira dai."

Na goge hannu na kira, na sa wayar a sifika, domin shi ba ya karɓa ya yi magana da kansa, sai dai ya juya baya ya kasa kunne. Yaya ya ce yana hanya lafiya, an fara cushewa. Na ce to Allah ya kiyaye. Zan kashe ke nan Baba ya ɗaga hannu.

"Ce masa in zai zo ya taho da kayan aikinsa ya gyara maka taka. Ka zauna kusa ka ga yadda ake yi."

Yaya ya ji, ai a sifika take. Amma Baba yana jira in isar da saƙon da bakina. Na ce, "Yaya, Baba ya ce in za ka zo ka taho da kayan aiki ka gyara mini motata."

"Ba damuwa," in ji Yaya. "Ka ajiye ta kawai, kar ka taɓa komai sai na zo."

Na ce to.